Gwajin ƙwayoyin halitta ya haɗa ni da wani mutumin Sudan, ko jikan Baba Tanko ne?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta hana ni sukuni kwanakin nan, kuma na san cikinmu akwai malaman addini da na boko, shi ya sa na kawo ta nan.

Mu 'yan Kwarbai ne, a cikin birnin Zariya. Tun muna yara muke jin cewa kakanmu, mahaifin babanmu, yana da wa ana ce masa Tanko, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun kafin a haifi babanmu, bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Iyakar abin da ake faɗa ke nan. In ka matsa da tambaya sai a ce Allah ya jiƙansa, a shiga wata hirar.

Bara ƙanena da ke aiki a Ingila ya zo gida da 'yar kwalbar nan ta gwajin ƙwayoyin halitta, wadda ake tofa yawu a ciki. Shi ya riga ya yi nasa. Na tofa, ya koma da ita ya aika, bayan kusan wata biyu sakamako ya fito. Abu biyu na gani. Na farko, an rarraba ni kaso-kaso: mafi yawa Najeriya, sai ɗan wani abu na wajen Mali da Senegal, sai kaɗan na Arewacin Afirka. Mu kuwa a gida cewa ake tushenmu Barno, daga Kukawa aka zo, amma ban ga Barno ko sau ɗaya ba. Na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, wato jerin mutanen da aka ce jininmu ya haɗu. Yawancinsu baƙaƙen fatar Amurka ne, abin da muka haɗa ɗan mitsitsi. Amma in ka cire ƙanena, na saman jerin wani bawan Allah ne mazaunin Jidda, an rubuta mun haɗa sentimogan 118. Na tura masa saƙo. Ya ce iyayensa mutanen Sudan ne daga wajen Wad Madani, kakansa na wajen uba kuma Bahaushe ne da ya zo daga yamma, bai san garinsa ba.

To wannan 118 me take nufi? Zai yiwu jikan Baba Tanko ne? Kuma a addinance, na yi daidai da na shiga wannan lamari?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ni da na ɗauka irin gwajin da ake yi kafin aure ne, na AA da AS. Ashe daban ne?

Maman Walid:
Daban ne ɗan'uwa. Na kafin aure abu ɗaya tak yake nema, wato ko mutum na ɗauke da sikila. Wannan kuwa yana duba wurare dubu ɗari shida zuwa bakwai a cikin ƙwayar halitta. Fannin da nake koyarwa ke nan, ku yi haƙuri in na ja bayanin.

Baban Hafsat, gwajin iri uku ne, kuma rashin bambance su ke jefa mutane cikin ruɗu. Kowane mutum yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wanda ka yi yana duba waɗanda ke cakuɗuwa a kowace haihuwa: rabi daga uba, rabi daga uwa, kusan rubu'i daga kowane kaka, haka abin yake ta raguwa har ya dushe wajen kaka na biyar ko na shida. Shi ke nemo dangi. Na biyu na kuromosom Y ne, wanda namiji kaɗai ke da shi, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, da ƙyar yake canzawa. Na uku na maitokondiriya ne, wani ɗan sashe daban a cikin ƙwayar halitta, uwa ke ba duk 'ya'yanta, amma mata ne kaɗai ke miƙa shi gaba.

Sentimogan ma'auni ne na tsawon abin da mutum biyu suka gada tare. Uba da ɗa kusan 3,500. Ɗan wa da ɗan ƙane kusan 850. Jikan wa da jikan ƙane kusan 230. To idan wan da ƙanen 'yan uba ne, ba ɗakinsu ɗaya ba, sai a raba biyu, ya dawo wajen 120. Ka ga inda taka ta faɗa. Amma kada mu riga malam masallaci. Wannan adadin zai iya fitowa idan mutumin tattaɓa-kunnen Baba Tanko ne kuma Tankon shaƙiƙin kakanku ne. Zai iya fitowa ta wajen mahaifiyarka ma, ba ta wajen uba ba sam. Sannan mu nan muna da auren zumunci, wanda ke sa mutum biyu su haɗa jini ta hanya biyu ko uku, adadin ya kumbura, na nesa ya yi kamar na kusa. Ƙanenka nawa suka haɗa da shi?

Baban Hafsat:
Na tambaye shi yanzu, ya ce 141. Me ya sa ba ɗaya ba ne da nawa, alhali uwa ɗaya uba ɗaya muke?

Maman Walid:
Saboda rabin da babanku ya ba ka ba shi ne daidai rabin da ya ba ƙanenka ba. Kamar a ɗebi mudu biyu ne daga buhun da aka gauraya gero da dawa. Amma ku biyun duk kun faɗi kusa da juna, kuma ƙasa da 230 sosai, wannan ya ƙara mini zaton 'yan ubanci. Zato na ce.

Maganar Barno kuwa kada ta dame ka. Da farko dai ai Barno a cikin Najeriya take. Su waɗannan kason, kwamfuta ce ke kwatanta ka da mutanen da aka riga aka tara jininsu, ta ba ka sunan waɗanda ka fi kama da su. Babban aikin nan na duniya da aka yi na tattara ƙwayoyin halittar mutum dubu, daga Najeriya Yarabawan Ibadan da mutanen Esan na jihar Edo aka ɗauka, sai Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Bahaushe, babu Babarbare. Kamfanoni suna da nasu rumbun, amma mutanen Arewa ba su da yawa a ciki. Shi ya sa kason mutum kan canza in sun sabunta lissafinsu, alhali jininsa bai canza ba. Sannan ka lissafa: iyaye 2, kakanni 4, na gaba 8, in ka kai hawa goma mutum 1,024 ne. Wanda ya zo daga Kukawa mutum ɗaya ne a cikinsu. Sunan gida yana bin sa, amma jini na kowa ne.

Malam na Kona:
Bismillah. Tambayar ta uku ce tawa. Neman sanin dangi don sada zumunci abu ne da shari'a ta kwaɗaitar, akwai hadisi a Tirmizi da ke umartar mu koyi abin da za mu sada zumuntarmu da shi daga nasabarmu. Kuma duba kamanni don gane alaƙar jini ba baƙon abu ba ne. A Bukhari da Muslim akwai labarin Mujazziz al-Mudliji, da ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama sun lulluɓe kawunansu, ya ce waɗannan ƙafafu sashinsu daga sashi yake, Annabi (SAW) ya yi farin ciki da hakan. Saboda haka abin da ka yi, Baban Hafsat, na neman wanda ya ɓata, ban ga laifinsa ba.

Inda iyaka take shi ne nasabar da ta riga ta tabbata. Ɗa na mai shimfiɗa ne, wannan nassi ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan wannan gwaji a 2002, ta yarda a yi amfani da shi inda aka yi musayar jarirai a asibiti, ko yara suka ɓata a yaƙi ko wani bala'i, ko ake jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba. Amma ta hana a kore nasaba da shi, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi a gaban alƙali in ya zarge ta ko ya kore ɗa, ta kuma hana a ɗauke shi don a bincika nasabar da shari'a ta tabbatar. Ku riƙe wannan da kyau, don wanda ya shiga neman kakan kakansa yana iya cin karo da abin da bai je nema ba.

Wani abu kuma, 'yan'uwantakar shayarwa ba ta fitowa a na'ura. Wadda kuka sha nono ɗaya muharramarka ce ko da gwaji ya ce ba ku haɗa komai ba.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja a nan. In gwaji ya nuna ƙarara cewa wane ba jinin gidan ba ne, sai a rufe ido? Gaskiya ai gaskiya ce. Kuma akwai maganar gado.

Uwargida Sabon Gari:
Ɗan Tudun Wada, bari in ba ka abin da ya faru a danginmu, sai ka auna. Yaran gidanmu biyu da ke karatu a waje suka yi wannan gwajin don sha'awa. Iyayensu wa da ƙane ne a saninmu. Sakamako ya fito ba su haɗa komai ba. Maimakon su yi shiru su tambayi manya, ɗaya ya ɗauki hoton abin ya jefa a zauren dangi. Kafin magariba an fara zargin wata tsohuwa da ta shekara ashirin a kabari. Sai da wata kakarmu ta yi magana aka gane cewa kawun namu agola ne, yana goye uwarsa ta shigo gidan, maigidan ya riƙe shi kamar nasa, da aka kai shi makarantar boko aka rubuta shi da sunan maigidan. Manya duk sun sani, ba su ga dalilin faɗa wa yara ba. Babu wata alfasha ko kaɗan. Amma dattijon nan mai shekara saba'in da wani abu ya ji ana cewa shi ba ɗan gida ba ne, daga bakin yaran da ya yi wa huɗuba. Har yau bai sake zuwa taron dangi ba. Na je gaishe shi da sallah, ya karɓe ni hannu biyu, amma na ga abin a idonsa.

Malam na Kona:
Allah ya ba shi haƙuri. Ka ji ko, Ɗan Tudun Wada. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta san riƙo ba, ba ta san agolanci ba, ba ta san cewa ɗan fari kakanni ake ba wa ba. Maganar gado kuwa ta alƙali ce da shaidu, kuma ina tabbatar maka waɗanda suka raba gadon wancan gida sun san wane ne agola. Cikin abubuwa huɗu na jahiliyya da hadisin Muslim ya ce al'umma ba za ta bari ba, biyu su ne alfahari da asali da sukar nasaba. Wannan gwajin yana iya zama makamin duka biyun.

Ɗan Tudun Wada:
Na ji, kuma labarin Hajiya ya taɓa ni. Amma har yanzu ina ganin laifin na manya ne da suke ɓoye komai. Da an faɗa wa yara tun farko da ba a kai nan ba.

Injiniya Gyallesu:
Ni damuwata daban ce, ba wanda ya taɓo ta. Yawun nan ina yake zuwa, kuma wa ke riƙe da bayanan? A 2023 an yi wa kamfanin 23andMe kutse, bayanan mutum kusan miliyan 6.9 suka fita. A watan Maris na 2025 kamfanin ya je kotu ya bayyana karayar arziki, aka shiga cinikin wanda zai saye shi da rumbun bayanansa. A 2018 kuma 'yan sandan Kalifoniya sun kama Joseph DeAngelo, wanda aka shekara arba'in ana nema kan kashe-kashe, ta hanyar danginsa na nesa da suka ɗora bayanansu a GEDmatch, wani shafin neman dangi a intanet. Shi bai taɓa yin gwajin ba. An kama mugu, madalla. Amma abin lura shi ne, in ka tofa yawunka ka tofa har da na 'ya'yanka da 'yan'uwanka, ba tare da ka tambaye su ba. Lambar sirri ana canza ta in an sace, jini fa? Muna da dokar kare bayanai ta 2023 a ƙasar nan, amma kwalbar tana can ƙetare. Duk wanda zai yi, ya shiga saitin ya karanta, ya zaɓi ko a ajiye yawun ko a zubar, ya kashe abin da bai yarda da shi ba.

Bazazzagin Suleja:
Gaisuwa ga mutanen gida. Mu kakanninmu suna cikin waɗanda suka fita tare da Sarki Makau lokacin da Malam Musa ya shiga Zariya, aka sauka Zuba, daga baya Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ita ce Suleja yanzu. Har gobe Zazzau muke amsawa. Maman Walid, wannan gwajin zai iya bambance Bahaushen asali da Bafulatani? Kuma na ga wani ya rubuta cewa an samu jinin Turawa ko na gabas a Hausawa, wai ya tabbatar da zuwan Bayajidda daga Bagadaza.

Maman Walid:
Yaya na Suleja, na san abin da suke nufi. Akwai wani reshe na kuromosom Y da ake kira R-V88. Wani masani ɗan Italiya, Fulvio Cruciani, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kansa a 2010, suka nuna yana da yawa cikin masu magana da harsunan dangin Hausa, musamman a arewacin Kamaru, ana kuma samun sa sosai cikin Hausawa. Ɗan'uwan reshen da ya yi yawa a yammacin Turai ne, shi ya sa ake ta surutu. Amma shigowarsa yankin Tafkin Chadi magana ce ta shekaru dubbai, tun Sahara na da ruwa da ciyawa. Ya girmi Daura da Bagadaza gaba ɗaya. Wanda ya jingina shi da Bayajidda ya haɗa abin da bai haɗu ba. Wasu Hausawan kuma reshen E-M2 suke ɗauke da shi, wanda ya fi kowane yawa a Afirka ta Yamma, kuma duk Hausawa ne.

Fulani makiyaya da ba su cakuɗu sosai ba, e, akan ga alama a jininsu, har da wani gado da ke sa babba ya iya shan madara ba ta dame shi ba, irin wanda ake samu a Turai da Arewacin Afirka. Amma a cikin birni? Shekara ɗari biyu ana aure tsakani. Gidajen sarauta huɗu na Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sunayensu na faɗa maka ta wajen uba ne, ba sa faɗa maka iyaye mata daga ina suka fito. Ban san wani gwaji da zai tsaya a Babban Dodo, cikin birnin Zariya, ya ware mutane gida biyu ba.

Haka masu son tabbatar da sharifta. Za a iya ce maka reshenka J1 ne, wanda ya yi yawa a ƙasar Larabawa. Miliyoyin mutane ke ɗauke da shi. Bai isa hujjar cewa daga gidan Annabi ka fito ba.

Hajiya 'Yar Kusfa:
To su waɗancan baƙaƙen Amurka da suka fito masa fa? Ta ina aka haɗu?

Ɗalibin Tarihi:
Hajiya, ta hanyar da ba mu cika son ambata ba. An sayar da mutanen ƙasar nan zuwa bakin teku, musamman lokacin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19. A Bahiya ta ƙasar Brazil Hausawa sun yi yawa har suka shirya tawaye a 1807, kuma akwai su cikin Musulmin da suka yi babban boren 1835. Wanda aka kama yana da 'yan'uwa da suka rage a gida. Jikokin wancan da jikokin waɗannan su ne kwamfuta ke haɗawa yau. In ɗayansu ya yi maka saƙo, don Allah a amsa masa da mutunci, domin su sunan gari ma ba a bar musu ba.

A cikin gida ma haka ne. Zazzau ta yi suna da rumada, wato ƙauyukan gonaki na bayi, kuma akwai sa-ɗaka a manyan gidaje da yawa, galibi daga kudancin masarautar aka kawo su. Sanarwar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Wannan ba zamanin da can can ba ne, zamanin kakannin iyayenmu ne. Duk wanda zai yi gwajin ɓangaren uwa ya shirya jin haka.

Baban Hafsat, labarinka ya hau kan hanyar da aka sani. Masu tafiya Makka a ƙasa sukan bi ta Barno, su ƙetara Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su bi Abeche, su shiga Darfur, su kai El Obeid inda jirgin ƙasa yake. Tafiyar takan ci shekaru, don ana tsayawa a yi aiki a tara guzuri. A 1925 aka gama madatsar ruwan Sennar aka buɗe gonakin audugar Jazira, Wad Madani kuwa ita ce cibiyar wajen, mutanenmu da yawa nan suka tsaya suka yi aure. Kafin su ma akwai waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Saboda haka Bahaushe a Wad Madani ba abin mamaki ba ne, kuma wannan ne ma ya sa nake cewa a yi hattara, Hausawan wajen suna da yawa ƙwarai.

Shawarata, ka ajiye wayar kamfani tukuna ka nemi mafi tsufa a gidanku. Kada ka tambaye ta shekara, tambaye ta wane sarki ke kan gado. Tambayi laƙabi, da sana'a, da irin tsagar fuska, da ɗakin da aka haifi kowa. Takardu kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da sashen tarihi na jami'ar Ahmadu Bello inda aka tara rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Amma takarda za ta jira ka, tsohuwa ba lallai ba.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai jama'a. Ƙanwar babanmu tana nan da rai a Kwarbai, ta haura tamanin. Gobe in sha Allahu zan je.

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum. Na dawo, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Na sami Gwaggo bayan la'asar. Na yi kamar yadda Ɗalibin Tarihi ya ce, ban kawo maganar gwaji ba, na ce ina so in rubuta sunayen gida ne saboda yara. Ta lissafo mini ɗakuna uku na kakan babanmu, da 'ya'yan kowane ɗaki, har waɗanda suka rasu suna goye. Ba ta ambaci Tanko ba. Na ce Gwaggo, Baba Tanko fa, wane ɗaki? Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta sallami jikokin da ke wajen, ta ce in matso.

Ta ce ɗaki na huɗu ne. Uwarsa sa-ɗaka ce, tana yarinya aka kawo ta daga kudu kafin zuwan Turawa, tana da zane a fuska da ba irin namu ba. Tanko shi ne babban ɗa namiji a gidan, gwanin ɗinkin babbar riga ne, har daga fada ana kawo masa aiki. Da mahaifinsu ya rasu an ba shi gadonsa cif, ba a tauye shi ba. Amma da ya nemi auren wata 'yar dangi, sai wata daga cikin matan gidan ta yi masa gorin uwa a gaban mutane. Bai ce komai ba. Bayan kaka ya sayar da rabonsa, ya ɗauki mahaifiyarsa, ya ce za su sauke farali. Ta ce zamanin Sarki Ibrahim ne, kafin Ja'afaru ya hau. Ita ba ta gan shi ba, a bakin mahaifinta ta ji, kuma ta ce har ya rasu in aka ambaci sunan wan nasa sai ya tashi daga wurin. Wadda ta yi gorin kuwa, Gwaggo ta ce kakarta ce, wadda ta haifi kakanmu.

Daren jiya na rubuta wa mutumin Jidda, ban gaya masa komai ba, na ce kawai ya tambayi manyansu sana'ar kakansa da kuma ko shi kaɗai ya zo. Yana da gwaggo shi ma, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba ta da gida, tana wajensu yanzu. Da safe ya turo saƙon muryarta. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Ta ce babanta maɗinki ne, da allura yake yi wa riguna ado, kuma da tsohuwarsa ya taho, ta rasu a hanya kafin su kai Jazira. Ta ce bai taɓa faɗin sunan garinsu ba, sai dai yakan ce garin yana da ganuwa da ƙofofi, da wani dutse a yamma da shi. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma.

Ɗalibin Tarihi:
Allahu Akbar. Sarki Ibrahim ya hau a 1924, Ja'afaru ya gaje shi a 1937, ka ga daidai lokacin buɗe Jazira ke nan. Dutsen kuma zuciyata Kufena ta tafi, dutsen nan na Zariya, ko da yake Kano ma tana da ganuwa da duwatsu. Amma maɗinki, tare da uwarsa, ga kuma jini, abin ya yi yawa a ce dace ne kawai.

Maman Walid:
Jikina ya yi sanyi wallahi. Ɗakuna daban, ga 118 da 141, lissafin ya zauna. In kana son ƙarin tabbaci hanya biyu ce. Ko kai da shi ku yi gwajin Y, tunda ku duka ta wajen uba kuka gangaro, in zaton ya tabbata reshenku zai zo ɗaya. Ko kuma tsofaffin biyu su yi irin wanda ka yi, don su 'yar wa da 'yar ƙane ne ta 'yan ubanci, ya kamata su haɗa wajen 400 da wani abu. Ga tsoho, irin wanda ake goga auduga a cikin kumatu ya fi sauƙi, kamar na FamilyTreeDNA ko MyHeritage, don cika kwalba da yawu yana ba su wahala. Amma sai an yi mata bayani ta fahimta ta yarda, har da abin da Injiniya ya faɗa.

Baban Hafsat:
Na koma na gaya wa Gwaggo gaskiyar komai, na kunna mata muryar. Ta yi kuka. Na kawo maganar gwajin, ta ce ba ta ƙi ba, amma in fara amsa mata tambaya ɗaya: in ya tabbata, suka ce me ya fitar da babansu daga gida, me zan ce musu? Ban iya ba ta amsa ba. Malam, a nan nake neman taimako.

Malam na Kona:
Kada ka yi musu ƙarya, kada kuma ka fara da wannan. Ka fara da sallama da ta'aziyyar mahaifinsu da kakarsu da ta rasu a hanyar ɗakin Allah. In sun tambaya, ka ce an ɓata masa rai a gida da maganar da ba ta dace ba, kuma ƙanensa ya rayu yana jin ciwon abin. Ba sai ka kama sunan wadda ta faɗa ba, ta riga mu gidan gaskiya, a nema mata gafara. Ɗan sa-ɗaka ɗa ne cikakke a shari'a, Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne. In da hali ku yi sadaka a gidan da sunan su biyun, a kira dangi a faɗi sunan matar a fili, in Gwaggo ta san shi.

Uwargida Sabon Gari:
Kuma don Allah kada a jefa shi a zauren dangi tukuna. A bi manya ɗaya bayan ɗaya, baki da baki.

Baban Hafsat:
Haka zan yi Hajiya. Sunan kuwa Gwaggo ta ce ba ta san na yankanta ba, sunan da aka sa mata a gidan kawai ta sani, ta ce wataƙila su can sun san na ainihin. Mun shirya za a haɗa su a waya ranar Juma'a bayan la'asar. Damuwata ita ce tsohuwar tana yawan komawa Larabci in magana ta yi nisa, ni kuwa nawa na makarantar allo ne. Akwai wanda ya yi karatu a Sudan a cikinmu, mazaunin cikin gari, da zai iya zuwa Kwarbai ya zauna da mu?

Hajiya 'Yar Kusfa:
'Yata ta yi shekara biyar a Khartum. Mace ce, Gwaggo za ta fi sakewa da ita. Turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, zan kawo ta da kaina.